Saura Mutum Ɗaya: Wahalar Motar Haya da Kowa Ya Haddace

Tun da asuba, kafin gari ya gama wayewa, babbar tasha ta riga ta ɗauki harama. Mai shayi ya hura wuta, mai faci ya baje kayansa, 'yan kamasho kuma sun ja daga a bakin ƙofa suna tarar duk wanda ya sauko daga adaidaita-sahu riƙe da jaka. "Alhaji, Abuja ne? Hajiya, Kaduna? Taho nan, saura mutum ɗaya!" Matafiyi ya leƙa motar, ya ga kawuna a kusan kowace kujera, sai ya zaro kuɗi ya biya ya shige. Ba a jima ba na gefensa ya miƙe kamar zai je kama ruwa, shiru bai dawo ba. Can na bayansa ma ya sulale. Motar da ta yi kama da cikakkiya ta koma rabi, domin waɗanda suka fice ɗin yaran tasha ne da aka zaunar don su ja hankalin fasinja. Har hantsi ya dubi ludayi ɗan kamasho na nan a bakin ƙofa yana cigiyar mutum ɗayan nan.

Da za a haɗa mai tashi daga Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa ko 'Yan Kaba a Kano, da mai hawa a Kawo ko Mando a Kaduna, da na Jabi ko Zuba a Abuja, da na Agege ko Alaba Rago a Legas, a zaunar da su wuri guda, za su jero wahalhalun tafiya daki-daki kamar ɗaliban da suka wanke allo ɗaya. Jira a tasha. Cinikin kuɗin kaya. Matsi a kujera. Tsayawa gidan mai da zarar an fita. Shingaye. Matsuwar fitsari. Lalacewar mota a inda ba gida gaba ba gida baya. Juye. Sauka cikin dare a garin da mutum bai san kowa ba.

Abin da mutum zai iya faɗa tun daga gida cewa zai same shi a hanya bai cancanci a kira shi tsautsayi ba. Tsautsayi ba ya yin sallama. Waɗannan kuwa kullum a kan lokacinsu suke zuwa, saboda yadda aka tsara harkar ne ya haife su. Uwarsu duka ita ce motar haya ba ta da lokacin tashi.

Sai ta cika

A galibin tashoshin Najeriya, ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ke riƙe da layi. Direba zai zo ya rubuta lambar motarsa, ya jira har lodi ya zo kansa, wani lokaci sai ya kwana a tasha. Idan layi ya iso gare shi, wannan lodin ne abincinsa. A cikinsa zai sayi mai, ya biya tikitin ƙungiya, ya sallami 'yan kamasho, ya ware canjin da zai riƙa miƙawa a hanya, ya cire balas ɗin mai mota, domin da yawan direbobi motar ba tasu ba ce. Abin da ya rage shi ne na cefanen gida. Mutumin da ke cikin wannan hali, kujera ɗaya da ta tafi babu kowa tana iya zama ita ce ribarsa gaba ɗaya.

Cire tallafin mai ya ƙara ɗaure wannan ƙulli. Kafin a cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, zuwa watan Oktoba na 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Kuɗin mota ya ninka, masu tafiya suka ragu, cikar mota ta ƙara nisa. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta yi rangwamen rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi na tsawon mako biyu, daga 21 ga wata zuwa 4 ga Janairu. An ji daɗinsa, amma ya taɓa aljihu ne kawai. Awannin da ake ƙonawa a tasha bai rage ko minti ɗaya a cikinsu ba.

Su waɗannan awanni kuwa ba na banza ba ne. A cikin motar akwai mai ganin likita a asibitin Shika, wanda idan ya rasa ranarsa sai bayan makonni. Akwai ɗalibar da za ta zauna jarrabawa, da mai neman aiki da aka ce ya bayyana ƙarfe biyu, da wanda aka bugo wa waya cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya faɗa wa mai jiransa lokacin da zai iso. Amsar kowa ɗaya ce a waya: "Muna tasha har yanzu, ba ta cika ba."

A Arewar yau, jinkirin safe shi ke tura tafiya cikin duhu, duhu kuma ya daina zama abin wasa a hanyoyi irin na Funtuwa zuwa Gusau, ko Kaduna zuwa Birnin Gwari, ko Damaturu zuwa Maiduguri. Daren 9 ga Fabrairu, 2020, matafiya da dama sun iso Auno, kimanin kilomita 25 daga Maiduguri, bayan jami'an tsaro sun rufe hanyar shiga birnin da yamma. Suka kwana cikin motocinsu suna jiran gari ya waye. 'Yan Boko Haram suka auka musu, aka rasa rayuka aƙalla 30, aka ƙona motoci. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka yi kisan. Sai dai tun daga ranar, duk mai zuwa Maiduguri daga Kano, tafiyar kusan kilomita 600, ya san cewa awa biyun da ya ɓata yana jiran mutum ɗaya tana iya zama bambancin kwana a gida da kwana a bakin shinge.

Kujerar mutum uku, mutum huɗu

Idan Allah ya sa ta cika, sai a shiga babi na biyu. Kamfanin da ya ƙera Golf ya yi ta ne don direba da mutum huɗu. A tasha mutum biyu ne a gaba, huɗu a baya. Sharon mai kujera bakwai tana kwasar tara ban da direba. Homa mai ɗaukar 14 ko 15 ana yi mata lodin 18. Na biyu a kujerar gaba rabin jikinsa a kan giya yake, duk sanda direba zai canza sai ya ɗaga cinya. A layin tsakiya kuwa tsari ne sananne: ɗaya ya jingina, ɗaya ya matso gaba, a haka za a yi awa shida. "Baba, a ɗan muskuta," in ji yaron mota, alhali babu inda dattijon zai muskuta ya nufa. A manyan bas masu zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, bayan kujeru sun ƙare akan jera benci ko jarkoki a tsakiyar hanyar wucewa, a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, su kwana a zaune babu abin jingina.

Mata sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsu a nan. Mai goyo za ta ɗora jariri a cinya, wani yaron a tsakanin ƙafafunta, ga jaka a gefe. Budurwa ko matar aure da ba ta son a matse ta tsakanin maza biyu, sau da yawa sai ta biya kuɗin kujera biyu kafin ta sami natsuwa. Kunya ce ke sa ta biyan harajin da namiji ba ya biya.

Kuɗin kaya kuma ba shi da ma'auni sai idon mai lodi. Zai ɗaga jaka ya jijjiga ta, ya dubi suturar mai ita, sannan ya yanka farashi. "Hajiya, wannan ai kuɗin mutum guda ce." Tsohuwa ta ce, "Haba ɗana, 'yan tsummokarana ne fa da tsarabar jikoki." A yi ta ja-in-ja har a daidaita, alhali an riga an karɓi kuɗin kujerarta, ba ta da damar fasawa. Daga nan a danna buhunan hatsi da jarkokin manja da babur a but, a ɗaure da igiya, murfin a buɗe, hayaƙin salansa na dawowa kan na kujerar baya. Wanda ya shiga da farar shadda ya san ba haka zai fita da ita ba.

Hanya da shingayenta

Fita daga tasha ba fara tafiya ba ne. Zangon farko gidan mai ne, domin sai da kuɗin fasinja ya shiga hannu direba ya sami na mai. Na biyu wurin mai faci, a ƙara iska. Na uku wani lungu da zai karɓi saƙo. Kafin a bar gari an ci wata awar.

Sai hanya ta karɓa. Titin Abuja zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, an ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina shi a Disambar 2017. Ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano sun samu, an buɗe su a 2023, kuma duk mai bin su ya ga bambanci. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna kuwa ya yi ta jan ƙafa har gwamnati ta soke kwangilar a ƙarshen 2024 ta ba wani kamfani. Shekara da shekaru matafiya na bin hannu ɗaya tare da tireloli da tankokin mai, tirela guda ta faɗi a tsaya cak na tsawon yini. Titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da aikin mayar da shi tagwaye, yaron da aka haifa a shekarar ya gama sakandare wasu sassansa ba su kammala ba. Masu zuwa kudu kuma ba su manta da Oktoban 2022 ba, lokacin da ambaliya ta shafe titi a Koton Karfe kusa da Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a jere.

Shingaye su ma an haddace su. Akwai na sojoji da na 'yan sanda, da na kwastan, da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da na jami'an kiyaye haɗurra, sannan ga masu karɓar harajin ƙananan hukumomi da katakonsu mai ƙusoshi. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, ganin jami'in tsaro a hanya kwanciyar hankali ne, babu mai musun wannan. Abin da ke ci wa fasinja tuwo a ƙwarya shi ne shingen da ba a duba komai a cikinsa sai hannun direba. Idan ya miƙa, a wuce ko da me ya ɗauko. Idan ya ƙi, a ce ya faka gefe, mutum 18 su gasu a rana ana cinikin naira ɗari biyu. A 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ba da umarnin a rushe shingayen manyan hanyoyi. A 2017 Ibrahim Idris ya sake bayar da irin wannan umarni. Kowane karo sukan ɓace na ɗan lokaci su dawo. Kuɗin da ake miƙawa kuwa tun a tasha aka lissafa shi cikin kuɗin kujera, wato daga aljihun fasinja yake fita.

Inda za a tsaya

"Malam direba, lokacin sallah na wucewa fa." Amsar takan zama, "Ku yi haƙuri, sai mun kai Tafa." Direba na da wurin da ya saba tsayawa, galibi gidan abincin da ake ba shi nasa kwanon kyauta saboda ya kawo masu ciniki. Ko abincin ya yi wa fasinja ko bai yi ba, ko farashin ya ninka na gari, nan ne zango. Musulunci ya sauƙaƙa wa matafiyi da kasaru da haɗa salloli, amma ko wanda zai haɗa yana buƙatar ruwan alwala da wuri mai tsarki, kuma yana buƙatar ya san yaushe za a tsaya.

Maganar banɗaki ita ce wadda aka fi jin nauyin faɗa, ita ce kuma ta fi cutarwa. Namiji zai ɗauki buta ya zaga bayan wata bishiya. Mace fa? Da yawa daga cikin mata sukan daina shan ruwa tun daren da za su yi tafiya, su wuni da ƙishirwa a zafin watan Afrilu, don kada su buɗe baki a gaban maza su ce a tsaya. Mai juna biyu da mai ciwon suga da dattijon da fitsari ke matsa wa ba su da wannan zaɓi. Inda aka dace da banɗakin haya a zango, sau da yawa babu ruwa, ƙofar ba ta rufuwa, na maza da na mata a haɗe. Ƙasar da ke da gidan mai a kowane 'yan kilomitoci ba ta da hujjar rasa wurin da mace za ta kama ruwa cikin mutunci.

Juye

Akwai wahalar da ta fi kowacce ƙona rai, domin cin amana ce ƙarara. An yi ciniki za a kai mutum Sakkwato, ya biya cikakken kuɗi. Ana isa Gusau fasinjoji suka ragu, sai direba ya ga sauran tafiyar ba za ta fisshe shi ba. Ya tsayar da wata tsohuwar mota, su yi ƙus-ƙus da direbanta, ya dawo ya ce kowa ya sauko a koma waccan. Kafin a gama sauke kaya ya juya ya tafi. Sabon direban ya ce abin da aka ba shi bai kai ba, sai an yi ciko, kuma shi ma sai ya cika tukuna. Wanda ya zaɓi mota mai lafiya da safe ya ƙare a wadda bai zaɓa ba, ba shi da takarda ko ɗaya da zai kai ƙara da ita.

Haka abin yake idan mota ta lalace. Taya 'yar gwanjo ta yi bindiga, safaya ba iska, jak ɗin aro ne. Lagireto ya tafasa, a bi fasinjoji ana karɓar fiya-wata ana ɗurawa. Direba ya hau acaɓa ya tafi neman bakanike, ya bar mata da yara a gindin bishiya har rana ta faɗi. Ba a mayar da kuɗi, ba a turo wata motar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fasinja na da nasa kason. Akwai wanda zai ajiye jaka a kujera ya tafi kasuwa, mota ta cika a koma jiransa. Akwai mai buɗe sautin waya har ƙarshe yana kallon bidiyo, da mai zazzaga rikicin gidansu a waya tun daga Kwanar Dangora har Jaji, da mai jefa ɓawon rake da leda ta taga. Akwai mai guje wa tasha ya tare mota a bakin hanya don rangwamen 'yan ɗaruruwa, inda babu wanda ya rubuta sunansa ko lambar motar. Mafi haɗari shi ne mai zuga direba: "Malam, taka ta mana, ko amalanke muka hau?" Idan wani ya ce a rage gudu, sai a yi masa ca a ce ya fiye tsoro.

Direban da ake zugawar nan wataƙila jiya ya kwana a hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin haya gudun kilomita 90 a awa a kan tagwayen hanyoyi, kuma tun Fabrairun 2017 ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu. Duk da haka alƙalumanta sun nuna mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran mota a 2024. A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar tawagar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a yankin Chiromawa, saura ƙiris su iso gida, fiye da mutum 20 suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar ta danganta abin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Daga Legas zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban bas ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba tare da hutun minti 45 ba. A nan sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe sitiyari daga farko har ƙarshe, da goro da shayi mai kauri.

A Maraɗi ana yi

Masu cewa halin mutanenmu ne ba zai gyaru ba, su leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, kamfanoni irin su Rimbo da SONEF da STM da Al Izza kowanne na da tasharsa. Mai zuwa Damagaram daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi, tun jiya yake yankar tikiti da sunansa a kai. Ana karɓar kayansa a liƙa musu lamba. Da asuba a kira suna ɗaya bayan ɗaya, mota ta tashi, wanda ya makara ya bi ta gaba. Zangunan da za a tsaya sanannu ne. Su ma suna da nasu matsalolin, motocinsu na lalacewa, hatsari na faruwa. Amma fasinjan Bahaushe ne, direban ma sau da yawa Bahaushe ne, kuma talaucin can bai fi na nan sauƙi ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai tafiyar awa uku ba.

A cikin Najeriya ma akwai misali. Kamfanin ABC Transport da aka kafa a Owerri a 1993 ya yi suna ne da tashi a kan lokaci da hana cusa fasinja a tsakiyar mota. GIGM na Benin da wasu irinsa suna sayar da kujera ta waya, mutum ya zaɓi lambarsa tun yana gida. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a Yulin 2016 ya ja jama'a saboda tsoron hanya, amma har da cewa yana da jadawali da lambar kujera. Ko bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022, da aka dawo da shi a Disamba, mutane sun koma. Duk inda aka ba ɗan Arewa lokaci tabbatacce, yakan zo kafin lokacin.

Za a ce tashi da kujera babu kowa zai ƙara kuɗin mota, talaka kuma ba zai iya ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya. To amma a tuna abin da ke faruwa a tasha kusan kullum: idan jira ya yi jira, wani zai ɗaga murya ya ce, "Jama'a, mu haɗa kuɗin kujerar nan mu tafi." Nan take a yi karo-karo. Fasinja ya daɗe yana sayen lokacinsa, sai dai yana saye ne bayan an riga an cinye masa awa uku. Ga kuma kuɗin da jinkiri ke jawowa wanda ba a lissafawa: abincin hanya, adaidaita-sahun dare mai ninkin kuɗi, kwanan masauki, yinin aiki da ya salwanta. Babu wanda ya ce a kashe tsarin sai-ta-cika gaba ɗaya. A ƙananan hanyoyi da ranakun kasuwa yana da amfaninsa. Abin da ake nema shi ne a manyan hanyoyi a ba mutum zaɓi.

Waɗanda ya kamata su fara su ne kamfanonin jihohi: Kano Line, Borno Express, Gombe Line, Yankari Express, Adamawa Sunshine, da hukumar sufuri ta jihar Katsina. Da kuɗin jama'a aka sayi motocinsu, direbobinsu ba sa kai wa wani attajiri balas, saboda haka sun fi kowa ƙarfin jure kujera biyu ko uku babu kowa. Ita ma ƙungiyar direbobi, da ke karɓar kuɗin tikiti a kan kowane lodi, tana iya ware motar farko ta kowace safiya ta zama mai lokaci, ta cike wa direban gibin daga asusunta, yadda asarar ba za ta faɗa kan mutum ɗaya ba.

Sauran gyare-gyaren ba su buƙatar biliyoyi. Tikiti mai ɗauke da sunan fasinja, lambar kujera, lambar mota, kuɗin da ya biya da lambar wayar kai ƙorafi. Sikeli a gefen wurin lodi, da farashin kilo a rubuce a bango. Takardar sunayen fasinja, wadda dokokin hanya suka riga suka wajabta, a cike ta kafin a tashi a bar kwafi a tasha, a daina miƙa ta ana cikin gudu. Zanguna sanannu da aka faɗa tun a tasha, daidai da lokutan sallah, kuma kada ƙaramar hukuma ta sabunta lasisin gidan abinci ko gidan mai na kan babbar hanya sai yana da banɗakin mata daban mai ruwa da ƙofa. Direba biyu a duk tafiyar da za ta kai kwana. Wanda ya yi juye ba tare da lalurar mota ba ya mayar da kuɗin ragowar tafiya, ƙungiya kuma ta cire shi daga layi na wasu kwanaki.

Hukumomin da za su tsaya a kan wannan suna nan. Tun 2007 FRSC ke da tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista ya kuma ajiye jami'in kula da lafiyar tafiya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, kuma wanda ya biya kuɗin kujera mai saye ne kamar kowa. Fasinjan jirgin sama idan aka jinkirta shi na wasu awanni, dokokin hukumar NCAA sun ba shi haƙƙin abin sha, har da mayar masa da kuɗinsa. Masu hawa jirgi 'yan ƙalilan ne. Manoma da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa biki da ta'aziyya, waɗanda su ne ƙasar, a mota suke tafiya, kuma babu wata takarda da ta faɗi abin da za a yi musu idan an zaunar da su tun asuba har azahar.

Kafin Sallar da ke tafe, lokacin da tashoshi ke cika maƙil kuɗin mota ya tashi, kowane kamfanin jiha na iya ɗaukar hanyarsa mafi ciniki ya gwada. Allo guda ya isa, a rataye a ƙofar tasha: Kano zuwa Abuja, 6:00, 8:00, 10:00. Ranar farko motar ƙarfe shida za ta iya tashi da kujera uku babu kowa, wasu su iso shida da kwata su tarar ta tafi, su yi ta faɗa. Zuwa mako na biyu, masu ganin likita da ɗalibai da 'yan kasuwar Kantin Kwari za su fara hallara tun biyar da rabi, su yi sallar asuba a masallacin tasha, kowa da tikitinsa a aljihu.